Na Ga Gawar Faransis Zebiya A Gowa

Ciwo ne ya kai mu ƙasar Indiya. A ƙarshen shekarar 2024 likitoci a gida suka ce uwargidana tana bukatar aiki a zuciya. 'Yan'uwa da ikilisiya suka haɗa hannu, muka sayar da gona ɗaya, muka tashi zuwa birnin Mumbai tare da ƙanwarta. Aka yi aikin lafiya, aka ce mu zauna mako shida kusa da asibiti domin a riƙa duba ta. Wanda ya taɓa jinya a baƙuwar ƙasa ya san yadda kwana ke da tsawo.

Uwargidana a gidan 'yan Katolika aka haife ta. Ta bi ni ikilisiyarmu ran da muka yi aure, shekara 31 ke nan, ba ta kuwa taɓa yi mini gardama a kan wannan ba. Cikin masu jinyarta akwai wata nas 'yar Katolika, mutuniyar jihar Gowa. Ita ce ta ba ta labari cewa a garinsu an fito da gawar Waliyyi Faransis Zebiya domin jama'a su gani, abin da a ke yi sau ɗaya cikin shekara 10.

Da dare uwargida ta kwance kallabinta, ta ninke shi, ta miƙo mini. Ta ce, "Maigida, ni ba ni da ƙarfin zuwa. Ka je mini. Ka taɓa wannan a jikin akwatin, ka kawo mini."

Na yi shiru. Ni dattijo ne a ikilisiya. Na sha tsayawa gaban jama'a ina gargaɗi a kan laya da guru da ƙasar kabari. Yanzu ga matata kwance da ɗinki a ƙirji, tana roƙona abin da zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Ban ce i ba, ban ce a'a ba. Na ce zan je in gani, in na dawo kuma zan faɗa mata gaskiyar abin da na gani da abin da na yi. Ta ce ta yarda. Na sa kallabin a aljihun riga.

Hanyar Gowa

Daga Mumbai zuwa Gowa kusan kilomita 600 ne, kudu, ta bakin teku. Na shiga jirgin ƙasa da dare. Hanyar dogon nan sabuwa ce in aka gwada ta da sauran na Indiya, gama a 1998 aka gama ta. Jirgi ya yi ta shiga cikin ramukan da aka huda a duwatsu yana fita, yana ƙetare gadoji ba iyaka. Da gari ya waye sai na ga ƙasa kore shar, ga gonakin shinkafa, ga itatuwan kwakwa da na kashu, ga jar ƙasa mai marmara kamar ta wajenmu.

Wanda ya zauna kusa da ni wani tsohon malamin makaranta ne, mai bin addinin Hindu. Muka yi taɗi da Turanci. Da ya ji inda za ni, ya ce mahaifiyarsa ma ta kan je, ko da ya ke ita ba Kirista ba ce. Sa'an nan ya dube ni ya ce, "Malam, in ka je ka tambayi labarin alherinsa, ka kuma tambayi labarin kotun da ya roƙa a kawo mana." Ban gane ba a lokacin. Zan komo kan wannan.

Na sauka a tashar Karmali, na hau keke mai ƙafa uku zuwa Tsohuwar Gowa, tafiyar 'yan mintoci.

Gowa ita ce ƙarama duka cikin jihohin Indiya wajen faɗin ƙasa. Turawan Fotugal suka ci ta da yaƙi a 1510, suka riƙe ta shekara 451, har sojan Indiya suka karɓe ta a watan Disamba na 1961. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na mutanenta Kirista ne, yawancinsu 'yan Katolika. Mafi yawan jama'a 'yan Hindu ne, akwai kuma Musulmi. Harshensu Konkani.

Tsohuwar Gowa tana bakin kogin Mandobi, kimanin kilomita 10 gabas da Panaji, babban birnin jihar. A zamanin da ita ce hedkwatar mulkin Fotugal a gabashin duniya, birni mai kasuwa da jiragen ruwa, har a ke gwada ta da Roma saboda yawan majami'u. Annobar kwalara da zazzaɓin cizon sauro suka kore mutane, a 1843 kuma aka mai da hedkwata Panaji. Gidaje suka rushe, daji ya cinye unguwanni. Majami'u ne suka rage tsaye, manya manya, a tsakiyar fili. A 1986 hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihi na duniya.

Biyu daga cikinsu suna fuskantar juna, hanya ce ta raba su. Ɗaya ja ce, an gina ta da marmara, sunanta Bom Jesus, watau Yesu Nagari. An fara gininta a 1594, aka keɓe ta a 1605. Nan ne gawar ta ke kwance kullum. Ɗayar fara ce fat, ita ce babbar majami'ar Bishop, a ke kira Se. Tana da hasumiya ɗaya, gama ta biyun ta faɗi a 1776. Can a ke kai gawar idan lokacin nuna ta ya yi. A wannan karo, wanda shi ne na 18, an ɗauko ta ran 21 ga Nuwamba 2024, aka mayar ran 5 ga Janairu 2025.

Wane Ne Wannan Mutum?

An haifi Faransis Zebiya ran 7 ga Afrilu 1506 a Nabara, arewacin ƙasar Sifen ta yau. Ɗan manyan mutane ne. Ya tafi karatu jami'ar Faris, can ya haɗu da Ignatiyus na Loyola, wanda ya yi ta binsa da magana har ya bar neman suna ya ba da kansa ga aikin Ubangiji. A 1534 su bakwai suka ɗauki wa'adi tare. Daga nan Ƙungiyar Yesu ta fito, wadda Paparoma ya amince da ita a 1540.

Sarkin Fotugal ya nemi masu wa'azi domin ƙasashen gabas. Wanda aka zaɓa ya kwanta ciwo, sai aka ce Faransis ya tafi a madadinsa. Ya bar Lizbon ran da ya cika shekara 35, bai sāke ganin ƙasarsu ba. Jirginsu ya kewaye Afirka. Ya yi watanni a tsibirin Mozambik yana jinyar marasa lafiya, ya kuma tsaya a Malindi, a ƙasar Kenya ta yau. Ya iso Gowa ran 6 ga Mayu 1542, bayan wata 13 a hanya.

A Gowa ya sauka a asibiti, yana kwana kusa da masu ciwo. Ya kan bi titi da ƙaramar ƙararrawa yana kaɗawa, yara su biyo shi, ya koya musu addu'a da dokoki goma da waƙa. Bai daɗe ba ya wuce kudu wurin masunta masu nitso neman lu'ulu'u. Bai iya harshensu na Tamil ba, sai ya sa aka juya masa addu'o'i, ya haddace, ya bi ƙauye ƙauye da ƙafa. Cikin wata wasiƙa ya ba da labari cewa a wata ɗaya ya yi wa mutum fiye da 10,000 baftisma. Daga nan ya tafi Malaka, a ƙasar Malesiya ta yau, da tsibiran Maluku na Indonesiya. A 1549 ya shiga Japan, ya yi shekara biyu da 'yan watanni, har ya taka da ƙafa cikin sanyin hunturu zuwa birnin sarkinsu, wanda a yau a ke kira Kiyoto, bai kuwa sami ganin sarkin ba.

Burinsa na ƙarshe shi ne ƙasar Sin, wadda a lokacin ta rufe ƙofa ga baƙi. Ya sauka a wani tsibiri mai suna Shangcuwan, yana hangen gaɓar ƙasar, yana jiran wani ɗan kasuwa da ya yi alkawari zai ƙetare da shi a ɓoye. Mutumin bai zo ba. Zazzaɓi ya kama shi, ya mutu cikin bukka ran 3 ga Disamba 1552, yana da shekara 46. Wani Kirista ɗan ƙasar Sin mai suna Antoniyo ne ya zauna da shi har ƙarshe.

Ga kuma maganar da malamin nan ya yi mini cikin jirgi. A 1546 Faransis ya rubuta wa Sarkin Fotugal, ya roƙa a kafa kotun binciken bangaskiya a Gowa, domin waɗanda suka karɓi baftisma amma suna bin addininsu na da a ɓoye. An kafa kotun a 1560, shekara takwas bayan mutuwarsa, ba a kuwa rufe ta ɗungum ba sai 1812. Ta ɗaure mutane da yawa, ta sa an ƙone waɗansu. Shi da kansa kuma ya rubuta yadda ya ke tura yara su farfashe gumakan mutanen ƙauye. Har yau akwai 'yan Hindu da ba su manta ba. Mutum tara ya ke, bai cika goma ba. Mu da muka san zafin a tilasta wa mutum a kan addini, bai kamata mu tsallake wannan shafi ba.

Tafiyar Gawa

An binne shi a tsibirin, aka zuba masa farar ƙasa irin mai cin nama, domin in jirgi zai koma a kwashi ƙasusuwa kawai. A watan Fabrairu 1553 aka tone kabarin. Waɗanda ke wurin suka shaida cewa jikin bai ruɓe ba. Aka kai shi Malaka aka sāke binnewa, wannan karo ba akwati, ƙasa ta danne shi ta yi masa lahani. Bayan watanni aka sāke tonewa, aka sa shi a jirgi, ya iso Gowa a watan Maris 1554. Gari duka ya fito tarya.

Tun daga ran nan mutane ba su bar gawar ta huta ba. Ana ba da labarin wata mace da ta sunkuya kamar za ta sumbaci ƙafarsa, ta gatse yatsa ɗaya ta tafi da shi. A 1614 shugaban Ƙungiyar Yesu ya ba da umurni aka yanke hannun dama daga gwiwar hannu, hannun da ya yi baftisma da shi, aka kai Roma. Yana can har yau a majami'ar da a ke kira Jesu. Wani ƙashi na hannun yana Makawo, a ƙasar Sin. A 1622 Paparoma Giregori na 15 ya sa shi cikin waliyyai, rana ɗaya da abokinsa Ignatiyus. A 1927 aka naɗa shi waliyyin masu aikin mishan.

Na shiga Bom Jesus tukuna. A hannun dama, kusa da bagade, akwai wani dogon gini na duwatsu masu launi, kyautar wani basarake na ƙasar Italiya, wanda aka kafa a 1698. Bisansa akwai akwatin azurfa da maƙeran Gowa suka ƙera a 1637, da zanen labarin rayuwarsa kewaye. A sauran shekaru, daga ƙasa mutum zai ɗaga kai ya hangi gawar ta tagogin akwatin. Ran da na je akwatin azurfar ba kowa ciki. An zare akwatin gilashi da ke cikinsa, an ƙetare hanya da shi.

Girmamawa Ko Sujada?

A waje, ƙarƙashin wata babbar rumfa, ana ta yin sujada cikin harsuna dabam dabam, wannan na ƙarewa wancan na farawa. Na ga wani Fada tsoho zaune a gefe yana hutawa. Na gaishe shi, na gaya masa daga inda na fito, na kuma gaya masa ni ba ɗan Katolika ba ne. Na ce, "Fada, ka gafarce ni, tambaya gare ni. Wannan da na ke gani, ba sujada ga matacce ba ce?"

Bai ji haushi ba. Ya jawo mini kujera. Ya ce koyarwar ikilisiyarsu ta raba abu biyu. Sujada ta Allah ce shi kaɗai. Girmamawa kuwa ana yi wa bayinsa, kamar yadda mutum ke adana sandar mahaifinsa, ko ya share kabarinsa. Ya ce jikin mai bi haikali ne na Ruhu Mai Tsarki, za a kuwa tashe shi a rana ta ƙarshe, don haka ba su ɗauke shi kamar tsumman da aka yar ba. Ya tuna mini Musa ya ɗauki ƙasusuwan Yusufu sa'ad da su ke fita Masar (Fitowa 13:19), da mataccen da ya farka da ya taɓa ƙasusuwan Elisha (2 Sarakuna 13:21), da ƙyallayen da a ke ɗauka daga jikin Bulus a Afisa a kai wa marasa lafiya (Ayyukan Manzanni 19:11-12). Da ya ambaci ƙyalle, sai na ji hannuna ya tafi aljihu.

Ya ce al'adar ta daɗe. Wajen shekara ta 155 aka ƙone Polikab, Bishop na Simirna, saboda sunan Yesu. Masu bi suka tattara ƙasusuwansa suka ajiye, suna taruwa a wurin kowace shekara, suka kuma rubuta a fili cewa Almasihu su ke yi wa sujada, shahidai kuwa ƙaunarsu su ke yi.

Na ce, "Fada, ni ma ina da nawa ayoyin." Allah da kansa ya sa Musa ya ƙera macijin tagulla, mutane suka dube shi suka warke. Amma da Isra'ilawa suka fara ƙona masa turare, Sarki Hezekiya ya farfashe shi, Littafi kuwa ya yaba masa (2 Sarakuna 18:4). Kabarin Musa ma an ɓoye shi, ba wanda ya san wurin (Maimaitawar Shari'a 34:6). Matsakanci tsakanin Allah da mutane kuma ɗaya ne (1 Timoti 2:5). Na ce a zamanin Martin Luta, basaraken garinsu na Witinbag ya tara gutsattsarin kayan waliyyai fiye da 19,000, mutane suna zuwa suna ba da kuɗi domin a rage musu hukunci. A 1543 Yohanna Kalbin ya rubuta littafi guda a kan yawan na jabu. Irin wannan ne ya sa kakanninmu na bangaskiya suka ce a bar abin gaba ɗaya.

Fada ya gyaɗa kai. Ya ce ɓarnar ta faru, ba ya musu. Ya ce babban taron ikilisiyarsu na Tirento, a 1563, ya tabbatar da girmama jikunan tsarkaka, amma ya hana camfi da neman riba a ciki, dokarsu ta yau kuma ta haramta sayar da irin waɗannan abubuwa. Sa'an nan ya nuna layin mutane da haɓa, ya ce, "Abin da ke cikin littafi na sani. Abin da ke cikin zuciyar kowane ɗaya a layin nan, Allah ne ya sani. Aikina in yi ta faɗa musu su ɗaga ido sama da gilashin."

Ya ƙara mini da abu ɗaya da ban zata ba. Ya ce kada in shiga da tsammanin zan ga mutum kamar mai barci. A da ana cewa jikin da bai ruɓe ba. Yanzu su da kansu sun fi cewa ragowar jikin waliyyi, gama ya bushe. Tun 1955 yana cikin gilashi, ba mai taɓa shi da hannu.

Ban rinjaye shi ba, shi ma bai rinjaye ni ba. Muka yi sallama da hannu biyu.

Cikin Layi

Layin ya yi tsawo ƙwarai, yana lanƙwasa cikin shingen ƙarfe ƙarƙashin rumfuna. Na yi wajen sa'a uku a ciki. A bakin hanya 'yan kasuwa sun kafa rumfuna, ana sayar da kyandir, da furanni, da carbi, da alewa, da gasasshen wake, da burodi mai naman alade. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 'yan siffofi na kakin kyandir: ga hannu, ga ƙafa, ga ido, ga jariri, ga zuciya. Mai ciwon ƙafa ya sayi ƙafa ya kai, ko don roƙo ko don godiya. Mai sayarwa ta miƙo mini zuciya. Na girgiza kai na wuce, amma na daɗe ina tunaninta.

A gabana wata mata ce 'yar Hindu, da jan ɗigo a goshi, tana riƙe da yaro wanda ƙafarsa ta shanye. A bayana wani tsoho ne ɗan Katolika da jikokinsa. Ya ce wannan ne zuwansa na shida, tun 1974, ba ya kuwa tsammanin zai ga na 2034. Ya ce su a Gowa suna kiransa Goyenco Sayib, watau Maigidan Gowa, Kirista da wanda ba Kirista ba. Waɗansu ma da ƙafa su ke tahowa daga jihohin maƙwabta, tafiyar kwanaki, domin su iso kafin idinsa na ran 3 ga Disamba.

Na dubi fuskokin mutane. Na san irinsu. Su ne fuskokin da na bari a barandar asibiti a Mumbai, su ne kuma na ke gani a taron addu'a na ran Laraba a gida. Ba wanda ya zo nan don ya ƙoshi. Ni ma da na zo da gardama a baki, da bukata na zo a aljihu.

Gaban Gilashin

Cikin majami'ar akwai sanyi da shiru, sai ƙarar takalma. Akwatin gilashin yana ajiye a kan dakali, daidai ƙugun mutum, masu tsaro suna cewa a yi ta tafiya. Kowa daƙiƙa kaɗan ya ke samu. Waɗansu su sumbaci gilashin, waɗansu su dafa shi su shafa a goshi, waɗansu su goga carbi ko hoto.

Ga abin da na gani. Ɗan ƙaramin mutum ne, ya ƙanƙance, an sa masa rigar firist mai ado. Fuskar ta bushe ta yi duhu kamar tsohuwar fata, kumatu sun faɗa. Hannun hagu yana nan, yatsun kamar ƙirare. Wurin hannun dama riga ce kawai. Sai ƙafafu, a buɗe, ba takalmi, busassu, yatsu ba su cika ba.

A kan ƙafafun nan idona ya tsaya. Na tuna rairayin bakin teku na masunta, da duwatsun Maluku, da ƙanƙarar Japan. Na tuna yadda annabi Ishaya ya yabi ƙafafun mai kawo albishir (Ishaya 52:7). Shekara 10 kawai ya yi a gabas, ga iyakar abin da ya rage. Ban ga wani iko a cikin akwatin ba. Na ga bawa wanda ya ƙare ƙarfinsa a aikin Maigidansa, ya yi daidai a waɗansu wurare, ya yi kuskure mai nauyi a waɗansu, yana kwance yana jiran ƙaho na ƙarshe da shari'ar Allah kamar yadda kakana ke jira a bayan garinmu. Bambancinsu ɗaya, shi ana ganinsa.

Matar da ke gabana ta ɗaga yaronta ya dafa gilashin. Sai ni. Na fito da kallabin, na ɗora shi a gefen ƙafafun, na ce a zuciyata, "Ya Uba, kai ne ka riƙe wannan bawa naka a hanya. Ka riƙe baiwarka da ke kwance a Mumbai, cikin sunan Yesu." Ban roƙi Faransis kome ba. Mai tsaro ya taɓa kafaɗata, na ɗauke kallabin na fita.

A waje na zauna a gindin wata itaciya, jikina yana rawa. Na tambayi kaina ko na yi abin da na ke hana waɗansu. Har yanzu ina juya tambayar. Abin da na sani shi ne wurin wanda na kai kukana.

Komawa

Kashegari da yamma na iso Mumbai. Na tarar da ita zaune, ƙanwarta tana ba ta kunu. Na miƙa mata kallabin, na faɗa mata duka, ban rage kome ba: bushewar jikin, da hannun da babu, da kotun nan, da siffofin kaki, da addu'ar da na yi da wadda ban yi ba. Na ce, "Uwargida, ban kawo miki magani ba. Ƙyalle ne, yadda kika ba ni."

Ta yi murmushi. Ta ce, "Maigida, ai na sani. Shekara nawa ina zaune ina jin wa'azinka? Da ina yarinya, mahaifiyata ta kan karanta mana labarin waliyyai da dare. Da na kwanta a nan, ba ƙasarmu ba, ba harshenmu ba, sai na tuna akwai wanda ya yi ciwo nesa da gida, Ubangiji kuwa bai manta da shi ba. So na ke in riƙe wani abu da ya je wurin." Ta ɗaura kallabin, ta ce in karanta mata 1 Korantiyawa 15. Na karanta har ƙarshe.

Mun dawo gida a watan Janairu 2025. Tana shan magani kullum, tana zuwa asibiti a duba jininta, ta fara zuwa taron zumuntar mata. Likitoci sun yi aikinsu, Allah ya ba da sauƙi. Kallabin yana cikin sauran kallabai, ta kan ɗaura shi, ta kan wanke shi.

Ya mai karatu, a gidajenmu da yawa akwai ɗan Katolika da wanda ba shi ba, suna ci a akushi ɗaya. A kan ƙasusuwan tsarkaka ba mu zama baki ɗaya ba, ban kuwa rubuta wannan don in ce mun zama ba. Amma kafin ka kira ɗan'uwanka mai bautar gumaka, ka zauna ka tambaye shi abin da ya ke nufi. Kai kuma ɗan'uwa da ke sumbatar gilashi, ka tambayi zuciyarka ga wa ta dogara. Faransis Zebiya bai ƙetare teku domin a zo kallon ƙafafunsa ba. Ya tafi domin mutane su ji sunan Yesu. In ƙafafunka suna da sauran ƙarfi, akwai marar lafiya a unguwarku da ba wanda ya leƙa shi cikin makon nan. Ka je ka gaishe shi.